Kalmar Korewa ta *Ne a Harsunan Turai: Sharhi a kan Littafin Otto Jespersen

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ɗan leƙa harsunan Turai, ko da a makarantar sakandare ne, ba zai rasa lura da wani abu guda ba, watau in Bature zai ƙi abu, galibi da harafin ‘n’ yake buɗe baki. Mutumin Ingila ya ce ‘no’, na Faransa ya ce ‘non’, Bajamushe ya ce ‘nein’, mutumin Rasha ‘nyet’, na Fotugal ‘não’, na Foland ‘nie’, na Lituweniya kuwa ‘ne’. Wannan kamanni ba arashi ba ne. Dukkan waɗannan kalmomi suna ɗauke da jinin wata 'yar ƙaramar kalma mai gaɓa ɗaya, wadda masana tarihin harsuna suke rubutawa *ne.

Littafin da ya fi kowane tasiri a kan tarihin wannan kalma shi ne Negation in English and Other Languages, wanda Otto Jespersen ya fitar a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jespersen mutumin Denmak ne, an haife shi a 1860, ya rasu a 1943, ya kuma riƙe kujerar farfesan Ingilishi a Jami'ar Kofanhagen daga 1893 zuwa 1925. Littafin bai fi shafi 150 da 'yan kai ba, amma har yau da wuya a yi rubutu a kan korewa ba a ambace shi ba. Abin da wannan maƙala za ta nuna shi ne, Jespersen ya kyauta ƙwarai wajen bayyana abin da ya sami kalmar, amma dalilin da ya bayar na aukuwar abin bai tsaya da ƙafafunsa ba. Bambancin kuwa ba na wasa ba ne, domin ɗalibin da ya haddace dalilin yadda yake a littafi zai ɗauke shi ya ɗora wa Hausa ko Larabci, ya fito da sakamakon da babu shi.

2.0 Asalin Kalmar da Danginta

Yawancin harsunan Turai, tare da Farisanci da manyan harsunan arewacin Indiya, 'yan gida ɗaya ne da ake kira dangin Indo-Turai. William Jones ne ya yi shelar wannan zumunci a wata lacca a Kalkata a 1786, sa'an nan Franz Bopp ya fara kafa shi a kan hujjojin nahawu a 1816. Uwar waɗannan harsuna ba ta bar rubutu ba. Yawancin masana a yau suna ganin an yi magana da ita a filayen da ke arewacin Bahar Aswad, shekara 5,000 zuwa 6,000 da suka wuce. Saboda haka duk kalmar da aka danganta mata, ta hanyar kwatanta 'ya'yanta aka gano ta, shi ya sa ake sa mata tauraro a goshi, don a nuna ba a taɓa ganinta a rubuce ba.

A game da *ne, shaida ta yi yawa har ba ta bar wurin gardama ba. Sanskirit yana da ‘na’, tsohon Latin yana da ‘ne’, harshen Got wanda Wulfila ya fassara Baibul a cikinsa a ƙarni na 4 yana da ‘ni’, tsohon harshen Ayalan ‘ní’, harsunan Silab da na Baltik kuwa ‘ne’ ɗin ce har gobe. Abin da ya sa kalmar ba ta ɓace wa ido ba shi ne taurin kan sautin ‘n’. Sauye-sauyen furuci da Jacob Grimm ya tsara a 1822, waɗanda suka mai da ‘p’ ta koma ‘f’ a harsunan dangin Jamusanci, har ‘pater’ na Latin ya yi daidai da ‘father’ na Ingilishi, ba su taɓa ‘n’ ba ko kaɗan.

Sai dai a nan ne mai kallon sama-sama yakan ruɗu. Kalmomin da aka jera a farkon wannan maƙala, mafi yawansu ba *ne ce tsurarta ba. Harɗaɗɗu ne, *ne ce ta manne da wata kalma har suka narke:

(1) Latin ‘non’: daga tsohuwar siga ‘noenum’, watau ne + oinom, ‘ba ɗaya’.
(2) Jamusanci ‘nein’: daga ni + ein, shi ma ‘ba ɗaya’.
(3) Jamusanci ‘nicht’ da Ingilishi ‘not’: daga *ne da kalmar ‘wiht’, wadda ke nufin abu ko halitta, watau ‘ba wani abu’.
(4) Ingilishi ‘no’ na amsa tambaya: daga ‘nā’, watau ne + ā, ‘ba daɗai’.
(5) Rashanci ‘nyet’: daga wata 'yar jumla mai ma'anar ‘ba shi nan’, kusan daidai da ‘babu’ ta Hausa.

Ke nan ‘no’ ta Ingilishi da ‘no’ ta Sifaniyanci, duk da rubutunsu ɗaya ne, ma'anarsu ɗaya, ba tagwaye ba ne. Ta Sifaniya jikar ‘non’ ce ta Latin, cikinta akwai ‘ɗaya’. Ta Ingila cikinta ‘daɗai’ ne. Harafin farko kaɗai suka yi tarayya a gadonsa. Latin kuwa cike yake da irin wannan haɗi: ‘nemo’, ba kowa, daga ne da tsohuwar kalmar mutum; ‘nullus’, ‘nihil’, ‘neuter’, ‘nescio’ ban sani ba, ‘nolo’ ba na so. Har kalmarsu ta sha'ani da kasuwanci, ‘negotium’, asalinta ‘rashin hutu’ ne, abin da duk ɗan kasuwar Kurmi zai gyaɗa kai a kansa.

Akwai kuma wani reshe na kalmar da wasalinsa ya zube tun a uwar harsunan, ya rage ‘n’ kaɗai mai ɗaukar gaɓa, yana aikin ɗafa-goshi. Karl Brugmann ne ya warware sirrin irin wannan sauti a 1876. Shi ne ya zama ‘un-’ a Ingilishi da Jamusanci, ‘in-’ a Latin, ‘a-’ ko ‘an-’ a Girkanci da Sanskirit. Kalmar ‘atam’ da ake ji a labarin makamai, asalinta Girkanci ne mai nufin abin da ba ya yankuwa, kuma wannan ‘a’ ta farkonta 'yar'uwar ‘non’ ce, ko da yake babu ‘n’ a jikinta.

To, in kalma mai jinin *ne tana iya rasa ‘n’, haka kuma kalma mai kama da *ne ƙwarai tana iya zama baƙuwa. Mutumin Girka na yau in ya ce ‘ne’, to ‘i’ yake nufi. ‘A'a’ a wurinsa ‘ohi’ ce. A harshen Cek, ‘ano’ ita ce ‘i’, ana kuwa gajarta ta a ce ‘no’. Harshen Hangari yana da ‘nem’ da ‘ne’ na korewa, alhali shi ba ɗan dangin Indo-Turai ba ne, saboda haka ba gadonsu ya yi ba. In da kamannin sauti hujja ne, da sai a ce dirkar Hausa ta ‘ne’ a jumlar ‘Audu ne’ ita ma daga can take. Ba wanda zai faɗi haka don ma'ana ta yi hannun riga, amma da irin wannan awo na kunne ake yawan jingina kalmomin Hausa ga Larabci ko tsohon harshen Masar, ba tare da an nuna wata ƙa'idar sauyin sauti mai maimaituwa ba. Kalma in ta gajarta, sauƙin yin arashi da wata yakan ƙaru, don baƙi ɗaya da wasali ɗaya ba su da yawan hanyoyin haɗuwa.

Abin mamaki, Jespersen da kansa bai kuɓuta daga wannan tarko ba. A babin farko ya kawo zaton cewa *ne ta samo asali ne daga sautin ƙyama, irin wanda yakan fita in mutum ya yamutsa hanci, ya kuma kafa hujja da yawan harsunan da korewarsu take farawa da ‘n’ ko ‘m’. Amma mafi yawan masu ‘n’ ɗin nan 'yan gida ɗaya ne, shaidarsu shaidar mutum guda ce da aka maimaita. Da an fita daga gidan sai lissafi ya watse. A Turai kanta, Bask yana cewa ‘ez’, Finlan ‘ei’. Larabci yana da ‘lā’ da ‘lam’ da ‘lan’, Yarabanci ‘kò’, Fillanci yana ja da wasalin ‘aa’ a ƙeyar aikatau, Hausa tana da ‘ba’ da ‘kada’. Bahaushe ma in ya buɗe baki da ‘na'am’, amsawa yake yi, hancinsa kuwa lafiya lau. Wannan sashe shi ne mafi rauni a littafin, an kuwa yi sa'a marubucin bai gina kome a kansa ba.

3.0 Zagayen Korewa

Abin da ya ɗaukaka littafin yana farkon babinsa na farko. A taƙaice Jespersen ya ce kalmar korewa takan yi rauni a furuci, sai a ga ba ta isa ba, sai a kawo wata kalma a tallafe ta, a kwana a tashi sai a ɗauki mai tallafin a matsayin ita ce ainihin korewar, ta farkon ta faɗi, sabuwar kuma ta kama hanyar da tsohuwar ta bi. Östen Dahl ne ya raɗa wa wannan tsari suna ‘zagayen Jespersen’ a 1979, sunan kuwa ya bi shi.

Faransanci ne ya fi nuna zagayen a fili, don an rubuta kowane mataki nasa. Abin lura na farko, ‘ne’ ta Faransanci ba ita ce tsohuwar *ne kai tsaye ba, ‘non’ ce ta Latin ta goge a bakin mutane a gaban aikatau. Watau kafin Faransanci ya tsaya da kansa, an riga an kewayo sau ɗaya. A tsohon Faransanci ‘ne’ ita kaɗai ta wadatar. Amma tun wajen ƙarni na 12 ana ganin ana ƙara mata sunayen ƙananan abubuwa: ‘pas’ taku, ‘point’ ɗigon alƙalami, ‘mie’ ɓarɓashin gurasa, ‘goutte’ ɗigon ruwa. Ba wuya a ga inda kowace ta dace tun asali: ban yi tafiya ko taku ba, ban ci ko ɓarɓashi ba, ban sha ko ɗigo ba. Daga baya suka manta da aikatan da suka fito tare, ‘pas’ ta kayar da sauran, har ya zama mutum yana cewa bai san abu ‘taku’ ba, ba wanda ya ji wani banbaraƙwai. Ga matakan a jumlar ‘ban sani ba’:

(6) je ne sais
(7) je ne sais pas
(8) je sais pas

Mataki na (7) shi ne na littafi da makaranta, na (8) shi ne na titi da cikin gida. William Ashby ya naɗi hirar mutanen garin Tours a 1976, ya tarar suna furta ‘ne’ a kashi 37 cikin 100 na wuraren da nahawu ya tanadar mata. Da ya koma a 1995 sai ya tarar abin ya sauka zuwa kashi 18. A Mantiriyal ta ƙasar Kanada kuwa, binciken Gillian Sankoff da Diane Vincent na 1977 ya nuna ba ta kai ko kashi 1 ba. Harshen Kiriyol na Haiti, wanda ya tsiro daga Faransanci, ya ƙarasa tafiyar: ‘pa’ ce kaɗai kalmar korewa, ta kuma dawo gaban aikatau, daidai mazaunin da ‘ne’ ta bari. Kalmar da asalinta ‘taku’ ne ta gaji gidan baki ɗaya. Haka ‘rien’ ba kome, daga kalmar Latin mai nufin ‘abu’ take, ‘personne’ ba kowa kuwa ‘mutum’ ce, har yanzu ma tana nan da wannan ma'ana in an sa mata ‘une’ a gaba.

Ingilishi ya bi hanya mai kama da wannan, sai dai mai tallafin nasa, ‘not’, da ma yana da *ne a cikinsa. Tsohon Ingilishi ‘ne’ yake sawa gaban aikatau, a zamanin Chaucer ana haɗa ‘ne’ da ‘not’, zuwa ƙarni na 15 ‘ne’ ta kau. Daga ƙarni na 17 kuma ‘not’ ɗin ta fara lanƙwashewa ta koma ‘n't’ a ƙeyar aikatau. A nan ya kamata a yaba wa Jespersen a kan abu guda. Tun daga ƙarni na 18, littattafan nahawu irin na Robert Lowth, wanda ya fara fita a 1762, suka koya wa yara cewa korewa biyu a jumla ɗaya suna kashe juna, kamar a lissafi. Jespersen ya nuna cewa tara kalmomin korewa tsohuwar ɗabi'ar Ingilishi ce, kuma ita ce ƙa'ida a Rashanci da Sifaniyanci da Girkanci. Harshe ba darasin lissafi ba ne, kuma Bahaushe mai ‘ba’ biyu a jumla ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

A wasu harsunan *ne ta ɓace ƙurmus daga korewar jumla. Harshen Jespersen na gado yana cikinsu: ‘ikke’ ta Denmak daga ‘ekki’ ta tsohon harshen Nos take, wadda asalinta ‘ɗaya’ ce da wani ɗafa-ƙeya. Harshen Wels na baka ya dogara ga ‘ddim’, watau ‘abu’. Girkanci na yau yana korewa da ‘den’, gutsuren ‘ouden’, wadda fassararta ita ce ‘ba ko ɗaya’. Ɓangaren da ke ɗauke da korewar, ‘ou’, shi ne ya yanke ya faɗi, aka bar ‘ko ɗaya’ tana aikin. Warren Cowgill ma ya kawo hujja a 1960 cewa ita kanta ‘ou’ ragowar wata tsohuwar magana ce mai nufin ‘ba a tsawon rai ba’, wadda *ne ta zube daga goshinta tun kafin a fara rubuta Girkanci.

4.0 Inda Bayanin ya Gaza

Duk wannan ya tabbata. Tambayar ita ce, me ke tayar da zagayen? A wurin Jespersen raunin furuci ne mafari: kalmar ba ta da nauyi, tana gaban jumla inda murya ba ta gama tashi ba, sai ta shiga haɗarin ɓacewa, masu magana kuma su yi mata tokara don kada ‘i’ da ‘a'a’ su rikice. Bayani ne mai daɗin ji, irin na ginin da ya tsage aka kafa masa azara. Amma tarihin harsunan da shi kansa ya kawo bai goyi bayansa ba.

A Faransanci, da raunin ‘ne’ ne ya jawo ‘pas’, da an sa ran ganin ‘ne’ ta kasa aiki ita kaɗai tun daga lokacin da ‘pas’ ta bayyana. Ba haka ya faru ba. An shafe ƙarnuka ‘ne’ tana korewa ita kaɗai kafaɗa da kafaɗa da ‘ne … pas’, ba a wajabta ta biyun a rubutu ba sai wajen ƙarni na 17, har yau ma a rubutun manya ana iya barin ‘pas’ tare da wasu aikatau kamar ‘pouvoir’ da ‘oser’ da ‘cesser’. Zubar da ‘ne’ a magana kuwa bai yaɗu ba sai ƙarni na 19. In aka jera waɗannan shekaru, sai a ga ‘pas’ ta riga raunin zuwa da ɗaruruwan shekaru. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, ‘ne’ ta faɗi ne domin ‘pas’ ta ƙwace mata aiki, ba wai an kira ‘pas’ don ‘ne’ tana faɗuwa ba.

Maƙwabtan Faransanci sun ƙara fito da wannan. ‘Non’ ta Italiyanci cikakkiyar gaɓa ce, ba ta goge ba, amma duk da haka mutanen Italiya suna ƙara mata ‘mica’, 'yar'uwar ‘mie’, in suna musanta abin da abokin magana ya ɗauka gaskiya ne. A karin harshen Milan, ‘minga’ ta riga ta zama ita ce korewar. Harshen Katalan yana da ‘no’ lafiyayya, yana kuma ƙara mata ‘pas’ a irin wannan wuri. Ga tokara an kafa, bango kuwa bai tsage ba. Paul Kiparsky da Cleo Condoravdi sun bi tarihin Girkanci, wanda rubutunsa ya haura shekara 3,000, suka nuna a 2006 cewa an sabunta kalmomin ƙarfafa korewa sau da dama ba tare da wani raunin furuci ya gabace su ba.

Ingantaccen bayani ya riga littafin Jespersen fitowa da shekara 5. A wata maƙala ta 1912, Antoine Meillet na Faransa ya kawo misalan Latin da Faransanci da Jamusanci, ya danganta abin ga sha'awar mai magana ta ya yi magana mai ratsa kunne. Kowane harshe yana da korewa iri biyu, ta yau da kullum da mai ƙarfi. Mutane kuwa ba su da tattalin mai ƙarfin, sukan kashe ta a inda ta yau da kullum ta isa. Da an yawaita, sai ƙarfinta ya dushe, ta zama ita ce ta yau da kullum, a shiga neman wata. Meillet bai ma kira abin zagaye ba, ya kwatanta shi da nannaɗe, irin na bawon dodon-koɗi, don ba a komawa daidai inda aka taso. Kafin shi ma, Alan Gardiner ya lura da kamannin Faransanci da harshen Ƙibɗawan Masar a wannan fanni tun 1904. Adalci dai shi ne a ce Jespersen bai jahilci wannan ba, ya ambaci son ƙarfafawa a wurare cikin littafin. Laifinsa shi ne ya sa keke gaban doki a jumlar da kowa ya haddace, sunan da Dahl ya raɗa kuma ya binne Meillet.

Akwai wata gazawar ta biyu, ita kuwa ta kalmar ‘zagaye’ ce kanta, don tana sa a zaci tilas ne kowane harshe ya bi ta. Harsunan Silab da Lituweniyanci suna nan da *ne a gaban aikatau, gajera, marar nauyi, shekara dubbai, ba ta faɗi ba. In rauni ne ke kashe ta, da ta Rasha ta riga ta Faransa mutuwa.

5.0 Larabci da Hausa

Manazarcin da ya san Larabci yana da misali a kusa. A Masar da Magrib ana cewa ‘ma katabsh’, bai rubuta ba, wannan ‘sh’ kuwa ragowar ‘shai'’ ce, watau abu, daidai da ‘wiht’ ta Ingilishi da ‘ddim’ ta Wels. Harshen Malta, wanda Larabci ne asalinsa ko da yake a Turai yake, haka yake yi. A wasu karuruwan Falasɗinu har ana iya sauke ‘ma’ a bar ‘sh’. Amma Larabcin Sudan da na Cadi da na Shuwa ‘ma’ kaɗai suke amfani da ita, ba su shiga zagayen ba. Kalma ɗaya ce aka gada, wasu suka tokare ta, wasu suka bar ta, abin da ke ƙara nuna ba siffar kalmar ce ke yanke hukunci ba.

Game da Hausa, jarabar da ke gaban ɗalibi ita ce ya ga ‘ba … ba’ ya ce ga ‘ne … pas’ nan, mataki na biyu. Wannan gaggawa ce. ‘Pas’ suna ce da ta sauya aiki, ana kuma da takardun da suka nuna ranar da ta shigo. ‘Ba’ ta ƙarshe kuwa ba ta da wata ma'ana ta daban da aka san ta da ita, kuma harsunan Cadi da dama a ƙarshen jumla suke ajiye alamar korewa, saboda haka wanda ya ce ta ƙarshen ce baƙuwa, a kansa nauyin kawo hujja yake. In ana neman abin kwatanci a siffa, ‘nie … nie’ ta Afirkans da ‘não … não’ ta Fotugis ɗin Barazil sun fi kusa.

Inda Hausa take da abin cewa a wannan muhawara wani wuri ne daban, shi ne rumbunta na kalmomin ƙarfafa korewa: ko kaɗan, ko ɗaya, ko ƙwaya, ko ɗigo, ko kusa, ko alama, ko anini, bai ce uffan ba, bai yi ko gezau ba. ‘Ba’ ba ta yi wani rauni ba, tana nan daram a goshi da ƙeya, amma Bahaushe bai fasa ƙara mata waɗannan ba. Ana kuma ganin yadda ma'anarsu ta asali take dushewa. An daina kashe anini tun da daɗewa, amma yaron da bai taɓa ganinsa ba yana cewa ba shi da ko anini. Wasunsu ma sun fara ɗaukar korewa su kaɗai a wajen amsa:

(9) Ka gaji? Ko kaɗan.
(10) Za ka yarda? Ko kusa!
(11) Ya iso? Tukuna.

Misali na (11) ya fi sauran ban sha'awa. A jumlar ‘ci abinci tukuna’ babu ƙanshin korewa a kalmar. Zamanta da ‘bai … ba’ a irin ‘bai iso ba tukuna’ shi ya shafa mata, har ta iya tsayawa ita kaɗai da ma'anar ‘bai iso ba’. Ta wannan ƙofa ce ‘personne’ da ‘rien’ da ‘jamais’ suka shiga a Faransanci. Wannan ba ya nufin ‘ba’ tana kan hanyar faɗuwa, domin a cikakkiyar jumla har yanzu ba mai cewa ‘na gaji ko kaɗan’ yana nufin bai gaji ba. Abin da yake nunawa shi ne, matakin farko na abin da Jespersen ya bayyana yana aukuwa a harshen da kalmar korewarsa ke da cikakkiyar lafiya.

Malaman Faransanci a Nijeriya da Nijar su ma abin ya shafe su ta wata fuska. Littafin aji yakan gabatar da ‘ne’ a matsayin uwar korewa, ‘pas’ kuwa 'yar rakiya, sai ɗalibi ya saba kasa kunne ga ‘ne’. Ran da ya saurari hirar mutanen Faris a rediyo, ko ya zauna da ɗalibai a Yamai, sai ya ji ‘je sais pas’, wani lokaci ma a dunƙule kamar ‘she pa’, ya nemi kalmar da aka ce masa ita ce korewa ya rasa. Gara a gaya masa tun a aji ɗaya cewa ‘ne’ ta alƙalami ce da jarrabawa, a horar da kunnensa ga ‘pas’ da ‘rien’ da ‘jamais’.